IN BASHI YA FI ƘARFINKA: ME KAKE DA SHI A GIDA?

Karatun yau: 2 Sarakuna 4:1-7
Ayar haddacewa: Romawa 13:8

GABATARWA

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma akwai bashin da mutum yake ci ya biya, akwai kuma wanda yake cin mai shi. Wataƙila kana karanta wannan darasi wayarka a kashe, domin ka san masu kira. Wataƙila ke ce kika daina zuwa zumuntar mata tun da kuɗin adashi suka maƙale a hannunki. Darasin nan naku ne.

A nan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, ba sai mutum ya yi almubazzaranci bashi yake danne shi ba. Mai noman rani a fadamar kogin Rima yakan ci bashin taki da iri da man injin ban ruwa, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu. Wani ya karɓi ba-da-kaka, sai ruwa ya cinye gonar, kamar yadda ambaliyar 2010 ta yi wa garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa ta Goronyo. Wani kuma 'yan bindiga suka ɗauke masa ɗa, ya bi gida gida yana rancen kuɗin fansa. Yaro ya dawo, mun gode wa Allah, amma bashin yana nan. To, me mai bi zai yi in abin da ake bin sa ya fi duk abin da ya mallaka?

1. MAI TSORON ALLAH MA YANA KARYEWA

Matar da muka karanta labarinta gwauruwa ce. Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, Elisha kansa ya san shi da tsoron Ubangiji. Duk da haka ya mutu da bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Ka lura, Elisha bai tuhumi mamacin ba, bai kuma ce wa matar akwai la'ana a gidansu ba.

Saboda haka kada Shaiɗan ya ruɗe ka cewa Allah ya yashe ka. In ka san sakacinka ne ko son a sani ya jefa ka, ka tuba, Ubangiji mai gafara ne. In kuwa masifa ce ta auka maka, karyewar jari ba zunubi ba ce. Wanda Zabura 37:21 ta kira mugu shi ne mai cin bashi ya ƙi biya. Ƙin biya dabam, kāsa biya dabam.

2. TA YI MAGANA, KUMA TA FAƊI GASKIYA

Matar ba ta kulle kanta a ɗaki ba, ba ta kuma gudu da yaran cikin dare ba. Ta je ta faɗa. Da Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta faɗi gaskiya: ɗan mai ne kaɗai ya rage. Daga wannan gaskiyar mu'ujiza ta tashi.

A cikin yawon bishara na taɓa haɗuwa da wani ɗan'uwa mai sayen albasa a hannun manoma bashi, ya yi lodi zuwa Kudu. Mota ta lalace masa a hanya, kaya suka ruɓe. Maimakon ya faɗa wa masu kaya, sai ya ranta a wurin wannan ya toshe bakin wancan, har shekara ta zagayo. Ya zo ya ce in yi masa addu'a a kori ruhun bashi. Na ce za mu yi, amma nawa ake bin ka? Ya yi shiru. Bai sani ba. Tsoro ya hana shi ƙirgawa. Muka yi addu'a, sa'an nan muka ɗauko littafi da biro. Mutum goma sha ɗaya suke bin sa.

Kai ma ka fara daga nan. Ka rubuta sunan kowane mai bin ka, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne kuɗin ruwa, me ka jinginar, wa ya tsaya maka. A ɗaya shafin ka rubuta abin da kake da shi: gona, babur, injin ban ruwa, dabbobi, kayan shago, da abin da kake bin wasu. Ka nuna wa matarka ko mijinki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

3. ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Mutane da yawa ba su san cewa Nijeriya tana da doka a kan wanda bashi ya fi ƙarfinsa ba. Akwai Dokar Karyewar Arziki ta 1979, kuma tsarin mulki na 1999 ya ɗora irin wannan shari'a a hannun Babbar Kotun Tarayya, wadda take da reshe a birnin Sakkwato. Masu bin bashi suna iya kai ƙara, shi ma wanda ake bi yana iya kai kansa ya bayyana cewa ba zai iya biya ba.

In kotu ta karɓa, takan sa dukiyarsa a hannun jami'inta. Shi kuma ya rubuta duk abin da ya mallaka da duk abin da ake bin sa, bisa rantsuwa. A tara masu bin sa. Yana iya roƙonsu su karɓi wani kashi, ko su yarda ya biya kaɗan-kaɗan. In ba a daidaita ba, kotu ta ayyana shi wanda ya karye, a sayar da dukiyar a raba musu. Doka ta ware masa kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗar iyalinsa, zuwa wani ƙayyadadden kima. Daga baya yana iya neman kotu ta sallame shi daga sauran bashin.

Ka ga wannan bai yi nisa da Maganar Allah ba. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi mutum yake cin abinci, an kuma umarta a mayar wa matalauci mayafinsa kafin faɗuwar rana. A sura 15 an sa a yafe basusuwa kowace shekara ta bakwai. Allah bai yarda bashi ya zama bauta ta har abada ba. Don haka mai bi da ya je kotu da gaskiya bai yi zunubi ba.

Amma ka san nauyinta kafin ka ɗauka. Shari'ar tana cin kuɗi da lokaci, sunanka kuma zai fita fili. Muddin ba a sallame ka ba, ba za ka tsaya takarar majalisa ko gwamna ba, ba kuma za ka zama daraktan kamfani yadda ka ga dama ba. Sallamar ba ta wanke bashin da aka ci ta hanyar zamba, ba ta kuma 'yantar da wanda ya tsaya maka. Shi ya sa ba kasafai ake bin wannan hanya a ƙasarmu ba. In bashinka na banki ne mai yawa, ka nemi lauya kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Ga abubuwa biyu kuma da ya kamata ka sani. Na ɗaya, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Amma in akwai yaudara ko cek na bogi, wannan laifi ne. Na biyu, tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga asusunka na wani banki ta lambar BVN, in ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Sauya banki ba mafaka ba ce.

4. SULHU KAFIN KOTU

Ga yawancinmu, masu bin mu ba bankuna ba ne. Manomi ne a Wurno, mai shago a Achida, maƙwabci a Gandi, 'yar'uwa a majami'a. Ubangiji Yesu ya koya mana a Matiyu 5:25 mu shirya da mai ƙararmu tun muna hanya. Nehemiya ma, da jama'a suka jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa, taro ya kira, aka yi magana a fili, aka yi alkawari a gaban shaidu.

Haka muka yi da ɗan'uwan nan. Muka sami dattijo a kasuwa wanda kowa yake jin maganarsa, da dattijon ikkilisiya ɗaya. Aka kira masu bashi gaba ɗaya, aka karanta musu shafi biyun nan. Yawancinsu Musulmi ne, addininsu ma ya koyar a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Wani ya yi faɗa, yana da hakkin yi. Wani ya yafe rabi. Ya sayar da filinsa aka raba gwargwadon abin da kowa yake bi, aka bar masa babur ya yi haya. Aka rubuta abin da zai riƙa kawowa kowane wata. Ya kusa shekara uku yana biya. Akwai wanda har yau ba ya amsa gaisuwarsa, amma yana tafiya kasuwa da rana tsaka, wayarsa a buɗe.

5. SAYAR, BIYA, RAYU

Dubi yadda Elisha ya jera umarninsa bayan man ya tsaya: ta sayar, ta biya bashi, sa'an nan ita da 'ya'yanta su rayu da abin da ya rage. Biya ya riga jin daɗi, amma an bar wa iyali abin ci. Kada ka hana yaranka abinci da magani don kunyar mai bin ka, kada kuma ka yi sabon ɗinki alhali mai albasa yana jira.

Ka kiyayi waɗannan. Kada ka mayar da gona ko babur da sunan matarka don ka ɓoye; ka tuna da Hananiya da Safiratu. Kada ka biya mai tsawa ka manta da gwauruwa mai shiru. Kada ka ci sabon bashi a manhajar waya don ka rufe tsoho. Kuma ina faɗa maka a matsayina na mai bishara, kada ka ranci kuɗi don shuka iri a bagade da zaton za su ninka. Allah ba ya karɓar baiko da haƙƙin wani. Tulunan da matar ta aro wofi ne, abin da aka zuba a ciki daga gidanta ya fito.

In kuwa kotu ko masu bashi sun yafe maka, Ubangiji kuma ya buɗa maka daga baya, ka koma ka nemi waɗanda suka yi asara saboda kai. Doka ba za ta tilasta ka ba, ƙauna ce za ta kai ka.

GA MAI BIN BASHI

In kai ne kake bi, karanta Matiyu 18:23-35 a daren nan. An yafe maka abin da ba za ka taɓa iya biya ba, Almasihu ya soke takardar a kan gicciye. Kana da hakkin neman kuɗinka, amma ba ka da hakkin tozarta ɗan'uwanka. Ikkilisiya kuma kada ta tsaya kallo. Dattawa su zauna da mai bashi a asirce, su raka shi wurin sulhu.

TAMBAYOYI

1. Ka san jimillar abin da ake bin ka yau? In ba ka sani ba, me ya hana ka ƙirgawa?
2. Wane ne kake guje wa, kuma wane dattijo ne zai iya raka ka wurinsa a makon nan?
3. Me kake da shi a gida wanda ka raina?

ADDU'A

Ya Uba, ka san abin da ake bi na, ka san abin da nake da shi. Ka gafarta mini inda na yi sakaci da inda na yi ƙarya. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin hali in fito fili. Ka tausasa zuciyar masu bi na, ka sa albarka a ɗan abin da ya rage a hannuna, har in biya kowa hakkinsa. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.