TA INA MAWAƘI KE FARAWA?

Babu ajin da za ka shiga a makarantar nan ka rasa yaro ɗaya ko biyu masu burin zama mawaƙa. In ka tambaye su ta ina za su fara, amsarsu ɗaya ce, watau su tara kuɗi su tafi Kano ko Kaduna, su shiga situdiyo a buga musu fiyano, a ɗauki muryarsu a baza a wayoyin jama'a. To, da malaminmu na Hausa ya ba mu aikin hutu a kan makaɗan ƙasarmu, na yi ta tambayar dattawa a Gusau da ƙauyen kakannina da ke ƙasar Bunguɗu. Abin da na samo shi ne, manyan mawaƙan nan da muke taƙama da su ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. Dukansu a gaban mutane suka fara, ido da ido, kuma sun daɗe a nan kafin wata na'ura ta san muryarsu. Yadda abin yake tafiya shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko dai makaɗa iri biyu ne, akwai na gado akwai na haye. Na gado shi ne wanda ya buɗe ido ya ga kayan kiɗa rataye a zauren gidansu. Misalin da kowa ya sani shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma Musa tun yana yaro yake bin sa wurin kiɗan noma yana amshi. Bayan mahaifin, sai ya ci gaba da amshi a ƙarƙashin wansa, Abdu Kurna, har ya riƙe muƙamin Daudun Kiɗa, watau mai bi wa shugaba. Sai da ya yi shekaru masu yawa a haka sa'an nan ya kafa tasa ƙungiya. Ku duba fa, mutumin da daga baya ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa duk Arewa ta ɗauka, ƙuruciyarsa duka a bayan wani ya yi ta.

Kada mai karatu ya raina aikin ɗan amshi, domin nan ce makarantar. Yaro ba ya ma fara da amshin. Ɗaukar kaya zai fara yi, ya rataya kotso ko kalangu ya bi manya a ƙasa daga wannan gari zuwa wancan, ya shanya fata, ya ɗaure tsarkiya in ta saki. Yana wannan hidima kunnensa na sha. Ran da aka ga ya riƙe gindin waƙa, watau layukan nan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa, sai a ce ya matso ya sa baki. A kiɗan fada irin na ƙasarmu kuwa amshi ba maimaita gindi kaɗai ba ne. Sau da yawa jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari da nasu. Wanda bai san abin da ke cikin ran maigidansa ba yaya zai ƙarasa masa magana? Ga shi kuma hannu na kiɗa baki na waƙa a lokaci guda. Dole ya san inda zai ja numfashi, ya san asalin sarkin da ake wa waƙa, kakanninsa da garuruwan da suka mallaka, don in ya haɗa sarki da kakan da ba nasa ba a gaban fadawa, ya jawo wa ƙungiya duka abin kunya. Wani tsoho da ya yi amshi a zamaninsa ya ce mini su ba a taɓa zaunar da su an ce yau ga darasi ba. In ka yi kuskure harara za ka sha a fage, in an koma masauki ka sha faɗa, gobe kuma a sake fita.

Fagagen da ake gwada mai koyo su ma hawa-hawa ne. Na farko shi ne gona. Idan mai gona ya kira gayya, samari suka jeru da fartanya, makaɗi na biye da su da gangar noma yana kiran sunan kowa yana zuga shi. A nan ba a bukatar alƙali. In waƙarka ta yi, za ka ga ƙura ta tashi, kuyya na cinyewa, wanda aka ambaci sunansa ya tsere wa na kusa da shi. In ba ta yi ba, ba wanda zai zage ka, amma gayya ta gaba wani za a kira. Daga nan sai dandali da daddare, da bikin aure da na suna, da cin kasuwa.

Amma ni fagen da ya fi ba ni sha'awa shi ne na dambe, wanda ake yi da kaka bayan amfanin gona ya zo gida. Kowane shahararren ɗan dambe yana da takensa, kuma wajibi ne mai kalangu ya san shi. Da ya ji an kaɗa takensa sai ka ga jikinsa na tsuma, ya fito yana kirari, ya miƙa hannu yana neman abokin karo. Mawaƙi a nan ba shi da damar ya ce bari in je gida in shirya. Yanzu wanda kake yabo yana tsaye, kafin ka rufe baki ya sha ƙasa, 'yan kallo sun ɓarke da ihu, kuma kai ake jira a ji me za ka ce. Dole nan take ka sami maganar da za ta yi wa wanda ya yi kisa daɗi ba tare da ka tozarta naka ba. A irin wannan fage ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi suna, har ya zamana ba a ambatar ɗan damben nan Shago sai an tuna da shi. Haka Kassu Zurmi ya yi nasa sunan a cikin 'yan tauri da mafarauta, mutanen da ba a yi musu wasa da kalma.

Fada ita ce ƙololuwa, kuma ba a tsallaka mata daga sama. Makaɗi yakan fara da mai unguwa ko dagaci, in ya yi kyau labari ya kai ga hakimi, daga nan sai inda Allah ya kai shi. Mu mutanen wannan yanki muna da abin nuni a Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu. Daga wannan ƙaramin gari ya taso, yana bin fadojin ƙasar nan, har ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, ya rasu a 1973. Shi ma Ɗanƙwairo waƙoƙin da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu suna cikin waɗanda har yau ake saurare. Gidan Rediyon Kaduna ya taimaka ƙwarai wajen kai muryoyin waɗannan mutane nesa, amma fa sai da suka riga suka nuna a fage sa'an nan rediyo ta neme su.

Wanda bai gada ba kuma kada ya karaya. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, ba ɗan makaɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. A dandali da kasuwanni ya fara, yana tallar goro da alewa yana waƙa, yara da 'yammata na amsa masa da tafi. Masu kalangu daga baya suka same shi. Kafin ya rasu a 1999 babu lungun ƙasar Hausa da ba a san shi ba. Sai dai shi ma ɗin, jama'a ce ta fara cewa ya iya.

Batun samu kuwa, mai farawa ba shi da albashi. Abin da aka yi kari da shi a fage, ko kuɗi ko riga ko damin hatsi, hannun shugaba yake shiga, shi ke rabawa gwargwadon matsayin kowa, ƙaramin yaro kuma shi ne na ƙarshe. Akwai kuma sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya faɗa wa mawaƙi wane ne ya shigo, ya kuma yi shelar abin da aka bayar. A nan ne haɗarin sana'ar yake, a ganina. Tsakanin waƙa da roƙo tazarar ba ta da yawa, kuma mawaƙin da ya saba yabon duk wanda ya miƙo, ya yi wa wanda ya hana zambo, ba ya daɗewa mutane ke fara kauce masa a hanya. Wannan ne ya sa iyaye da yawa, har da nawa, ba sa son jin ɗansu ya ce zai yi waƙa, kuma ban ga laifinsu ba.

To, yau ina waɗannan fagage suke? Gaskiya sun ragu. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, kuma bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999 an taƙaita tarukan kiɗa na dare masu cakuɗa maza da mata. Amma babban abin da ya karya su shi ne ɓarayin daji. Mutumin da ke noma yana waiwaye ba zai kira gayya da ganga ba, don ganga kiran mutane take, kuma ba ka san wanda zai amsa ba. Makaɗi ba zai ɗauki yara ya bi hanyar ƙauyukan Tsafe da yamma kamar yadda ake yi da ba. A 2021 har kasuwannin mako sai da gwamnati ta rufe na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya. Saboda haka yaron da ya ce zai tafi situdiyo ba lalaci kaɗai ke damunsa ba, wani abin rashin wurin koyo ne.

Duk da haka akwai abin da situdiyo ba ta iya bayarwa. A can in murya ta karkace na'ura za ta miƙe ta, in ka manta baiti a tsaya a sake. Na taɓa zuwa wani biki a Gusau inda aka gayyato wani matashin mawaƙi mai waƙoƙi masu daɗi a waya. Ashe waƙar ake sakawa, shi kuwa yana riƙe da makirfo yana motsa baki. Ana cikin haka janareta ya mutu. Mata suka ce ya ci gaba da baki su yi masa tafi, ya fara, bai kai ɗa biyu ba numfashi ya ƙare masa, ya tsaya yana duban masu gyaran inji. Wata tsohuwa daga dangin ango ce ta kifa ƙwarya ta riƙe wurin har aka sami wuta. Na tausaya masa, don yana da murya, abin da bai taɓa yi ba shi ne tsayawa gaban mutane ba na'ura.

Shawarata ga ɗan'uwana ɗalibi mai wannan buri ita ce ya yi amfani da fagagen da suka rage. Har yanzu ana hawan Salla a Gusau, makaɗan fada na fita, kuma ana biki da suna a cikin gari. In ka je hutu, nemi izinin mahaifinka ka sami wani dattijon makaɗi a unguwarku ka ce za ka riƙa ɗaukar masa kaya. Kada ka ce masa kai mawaƙi ne. A nan makaranta kuma muna da daren Asabar da ranar al'adu, ga ɗalibai ɗaruruwa waɗanda ba su iya ɓoye dariya ba, kai, sun fi 'yan kallon dambe rashin tausayi. Ka shirya waƙa ɗaya tak, ka sami abokai uku su yi maka amshi, ka rera ta, ka lura da inda aka yi tsit da inda aka fara hira, ka koma ka gyara, ka sake fitowa. Karatunka kuma ka riƙe shi, don ko waƙar ce sai da sanin tarihi da Hausa mai kyau.

Ina kuma roƙon shugabannin Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu, in Shugaban Makaranta ya yarda, su gayyato mana mai kalangu ɗaya daga cikin gari a zango mai zuwa, a ba duk mai so minti biyar a gabansa, da sharaɗin ba za a kunna kowace na'ura ba.