Bahago da bindigar farautar barewa: a fara tambayar ido

Ina aiki a wani shagon kayan farauta a jihar Pennsylvania ta Amurka. Sayar da dogayen bindigogi, ɗaura musu madubin saiti, da raka mai saye filin gwaji don a daidaita harbi, su ne sana'ata. A nan ana buɗe farautar barewa da doguwar bindiga ranar Asabar ta bayan bikin Thanksgiving, a ƙarshen Nuwamba, a yi kusan mako biyu ana yi. A 'yan shekarun nan na ga 'yan'uwanmu mazauna ƙasar sun fara shiga harkar, wasu don nama, wasu don abokan aiki sun ja su. Cikinsu akwai bahagwai, kuma su ne na fi ganin ana cuta a wajen saye, ba don mugunta ba sai don rashin sani daga ɓangarorin biyu. Saboda su nake wannan rubutu.

Dokar jihar nan ba ta yarda a harbi barewa da doguwar bindiga mai ɗura kanta bayan kowane harbi ba. Dole maharbi ya sarrafa ta da hannunsa. Shi ya sa bindiga mai sakata ta yi kaka-gida a dazukanmu. Aikinta kamar na sakatar ƙofa ne: ka ɗaga mariƙin, ka ja baya, kwanson harsashin da aka harba ya fita, ka tura gaba ya kwaso sabo, ka danna ƙasa ya kulle. A mafi yawan bindigogi mariƙin da kafar fitar kwanso duk a dama suke, domin mutum ɗaya ne kawai cikin kusan goma yake bahago, kuma masana'anta suna bin inda kasuwa take.

Kafin mu yi maganar kowane kamfani, tambayar da nake fara yi wa mai saye ita ce wane ido ne ke jagorantar ganinsa. Kowa yana da ido ɗaya da ƙwaƙwalwa ta fi dogara da shi wajen auna abu, kuma ba lallai ya dace da hannun da mutum yake rubutu da shi ba. Wannan ya shafe mu sosai. Da yawanmu an haife mu bahagwai, aka yi ta bugun hannunmu a bakin kwano da kan allo har muka koma dama. Mutum ya girma yana cin abinci da dama, yana rubutu da dama, yana rantsuwa shi ba bahago ba ne, amma da ya ɗaga bindiga sai ka ga yana karkatar da kai yana leƙa madubi da idon hagu ta kan ƙota. Gwajin ba wuya. Miƙe hannuwanka biyu gaba, ka haɗa su ka bar 'yar kafa tsakanin manyan yatsu da manuniya, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe. Sai ka rufe ido ɗaya, ka buɗe, ka rufe ɗayan. Idon da abin ya tsaya masa a cikin kafar shi ne jagora. Idan na hagu ne, kuma ba ka riga ka saba da harbi ba, shawarata ka koya daga kafaɗar hagu. Hannu yana koyon sabon aiki cikin 'yan makonni, ido kuwa ba ya sauya hali. Wanda ya shekara ashirin yana harbi daga dama yana runtse idon hagu, kuma yana samu, ba na ce masa ya canza.

To me zai hana bahago ya sayi ta dama ya yi maneji? Dubban mutane sun yi haka, kuma sun ci nama. Amma a duba yadda abin yake. Bahago yana tallafe gaban bindiga da dama, yatsansa na hagu a kan kunama. Bayan harbin farko, ko dai ya tsallaka da hannun hagu ta saman madubi ya laluɓo mariƙin, ko ya saki gaban bindigar ya ja da dama. Ko wanne ya yi, bindiga ta sauka daga kafaɗa, ido ya bar dabba. A dajin da bishiyoyi suka yi duhu, inda yawancin harbi bai kai yadi 100 ba, daƙiƙa biyu sun isa barewa mai rauni ta ɓace. Wannan ne ya fi damuna. Mun ambaci sunan Allah kafin mu saki harsashi, nauyi ne a kanmu mu gama da dabbar da sauri, kada ta tafi da ciwo ta mutu a inda ba wanda zai amfana.

Akwai kuma batun fuska. Lokacin da albarushi ya kama, ƙarfin iskar da ke cikin bututu yakan kai kimanin fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Da wuya kwanso ya tsage idan harsashin kamfani ne, amma yana faruwa, kuma an tsara bindigar dama ta fitar da iska mai zafi da ɓurɓushin ƙarfe nesa da fuskar mai harbi daga dama. Bahago kuwa ta wajen kafar fitar kwanson fuskarsa take. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen ta hagu. Ko wace iri ka riƙe, sa gilashin kare ido da abin toshe kunne a filin gwaji.

Abin farin ciki shi ne, bahago ba ya buƙatar kuɗi mai yawa yanzu. Kamfanin Savage ya fito da samfurin 110 a 1958, shekara guda bayan haka ya yi na hagu, kuma tun daga lokacin shi ne ya fi riƙe bahagwai da muhimmanci. Samfurinsa mai araha, Axis, yana da na hagu, kuma ana samunsa ƙasa da dala 500 a yawancin shaguna. Idan za ka iya, ɗauki Axis II, domin yana da kunamar AccuTrigger wadda ake iya sassauta nauyin janta, kuma kunama mai laushi ta fi komai taimaka wa sabon maharbi kada ya fizge harbi. Ruger American, wadda ta fito a 2012, ita ma an yi ta hagu, farashinta ya ɗan ɗara. Abin da nake so a waɗannan biyun shi ne makullin kunama yana saman wuyan ƙota, a tsakiya, inda babban yatsan kowane hannu ke kaiwa ko da safar sanyi. Tikka T3x ta ƙasar Finland sakatarta ta fi santsi nesa ba kusa ba, amma kuɗinta ya kusa ninka na Axis. Remington 700 da Browning X-Bolt na hagu suna nan, sai dai sun fita daga lissafin mai neman sauƙi, in ba ta hannu ya samu ba. Ana cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne waɗannan masu ƙotar roba ba su da kyan gani. Amma harbinsu daidai ne, barewa kuwa ba ta duba ƙota.

Kada a raina ta hannu. Bindigar hagu takan daɗe a rataye a shago saboda masu nemanta kaɗan ne, don haka akwai damar ciniki. Duba cikin bututun da haske ko akwai tsatsa, duba bakinsa ko ya lotse, ka gwada makulli. A kula kuma da ƙota: wasu na da tudun jingina kunci a gefe ɗaya, wanda aka yi don na dama.

Wajen girman harsashi bahago ba shi da zaɓi mai faɗi kamar na dama, kuma ban ɗauki hakan asara ba. Waɗanda ake yi a hagu su ne waɗanda ake samu a kowane ƙaramin shagon ƙauye: .243 Winchester, 6.5 Creedmoor, 7mm-08, .308 Winchester, .270 Winchester da tsohuwar .30-06 da aka fara tun 1906. Dukkansu suna kayar da barewa mai farar wutsiya. Bambancin yana kafaɗa. Waɗannan bindigogi masu araha ba su da nauyi, kimanin kilo 3 ne, kuma bindiga mara nauyi ta fi naushi. Naushin .243 bai wuce kusan rabin na .30-06 ba. Na sha ganin ƙato ya zaɓi babba don kada a ce ya ji tsoro, kafin ya gama akwati ɗaya ya fara runtse ido yana jiran duka tun bai ja kunama ba. Ga mai farawa, namiji ko mace, na fi ba da .243 ko 6.5 Creedmoor ko 7mm-08. Wanda yake da niyyar farautar beyar wata rana ya ɗauki .308. Harsashin kuma ya zama na farauta, mai buɗewa idan ya shiga jiki, domin wanda aka lulluɓe da ƙarfe gaba ɗaya haramun ne a kan barewa a nan. Mazauna Ohio su lura: can ba a yarda da waɗannan harsasai masu wuyan kwalba ba, sai masu miƙaƙƙen kwanso irin su .350 Legend da aka fito da shi a 2019. Kewayen Philadelphia da Pittsburgh ma suna da dokokinsu daban. Karanta littafin dokokin farauta na jiharka na shekarar da kake ciki kafin ka biya.

Kuɗin da ka rage, zuba shi a madubi da atisaye. Madubi mai lamba 3-9x40 ya wadatar. Barewa ta fi motsi da asuba da gab da magariba, lokacin da madubi mara kyau yake dushewa. Idan ana ɗaura maka shi, sa rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, ka ɗaga bindigar daga kafaɗar hagu, a bar tazarar inci 3 zuwa 4 tsakanin madubi da ido, don kada ya sare maka gira. Bindigogin da ake sayarwa da madubi a ɗaure, an ɗaura shi ne ba tare da an auna ka ba, sai an sake gyarawa.

Sai doka, wadda ba a wasa da ita. Mai saye daga shago dole ya kai shekara 18, ya cike takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, a kuma binciki tarihinsa, a nan 'yan sandan jiha ne ke yin binciken. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye. Mai biza ta ɗan lokaci, kamar ɗalibi, haramun ne a gare shi sai in yana da lasisin farauta mai aiki, mara takardu kuwa ba shi da hanya ko kaɗan. Sayen bindiga da sunanka don wani babban laifi ne, haka nan cusa ta cikin kaya a aika gida. Sabon mafarauci sai ya yi darasin kiyaye haɗari kafin hukumar namun daji ta jiha ta ba shi lasisi, kuma a daji dole ya sa tufafi masu launin ruwan lemo mai ƙyalli, inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya. A gida a kulle bindiga ba harsashi a ciki, harsasai a wani wuri daban, musamman inda akwai yara.

Shaguna ba sa ajiye na hagu da yawa, wani lokaci ɗaya ko biyu ne a duk jerin. Idan ka bari sai Nuwamba, abin da ya rage za ka ɗauka, ko a lallashe ka ka karɓi ta dama. Je tun Yuli ko Agusta ka sa a yi maka odar samfurin da girman harsashin da kake so, don ka sami watanni biyu ko uku kana zuwa filin gwaji, kana koya wa hannun hagu jan sakata ba tare da ka ɗauke kunci daga ƙota ba.