DARASIN TARBIYYA: WASAN TAUBASAI DA IYAKARSA

Darasinmu na wannan fitowa a kan wasa yake, amma ba wasan langa ko na gaɗa ba. Wasan baki muke nufi, wanda ake kira barkwanci ko taubasantaka.

Ku lura da wani abin mamaki. Akwai maganar da in wani ya faɗa maka sai an raba ku, amma in taubashinka ya faɗe ta sai ka ƙyalƙyale da dariya, har ka rama. Maganar ɗaya ce, bakin da ta fito ne ya bambanta. To me ya sa haka?

Su wa ke wasa da juna?

A cikin gida, ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa ko ya da ƙane, su ne taubasai. Haka kuma jika da kaka: ba ku ji Goggo tsohuwa na kiran jikanta "maigidana" ba? A watan Muharram, watan cika-ciki, taubasai kan bi juna kuɗin shara.

A waje kuwa akwai wasan ƙabilu da garuruwa da sana'o'i. Mu Katsinawa abokan wasanmu Nufawa. Kanawa na yi da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, maƙera da Buzaye.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. Mutanen ƙasar Mali suna da irinta, suna kiranta sanankuya. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Tun 1940 ma wani masani ɗan Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kan irin wannan wasa a Afirka. Abin da ya fahimta shi ne, wasan yakan ɗaure mutanen da zama ya haɗa su kuma akwai abin da zai iya raba su. Maimakon a bar ɓacin rai ya taru a ciki, sai a fitar da shi da dariya.

Amfaninsa a wurinmu

Dutsin-Ma ta zama garin baƙi. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ɗalibai na zuwa daga ko'ina. A ce ɗalibi Banufe ya shiga mota daga tashar Dutsin-Ma za shi Katsina, bai san kowa ba. Da direba ya ji inda ya fito sai ya ce, "Af, ashe bawana na ɗauko!" Shi ko ya ce, "Ja mota dai, yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa surutu?" Kafin a kai Kurfi an zama 'yan gida, har an raba goro. Baƙunta ta gushe ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ƙa'idojin wasa

Na ɗaya, kowa ya san wasa ne, kuma kowa ya yarda.

Na biyu, kowane ɓangare na da bakin ramawa. In ka jefa, ka shirya a jefo maka.

Na uku, ƙarƙashin wasan akwai haƙƙi. Taubashin da ya tsokane ka yau, shi zai riga kowa zuwa ranar da kake kwance ba lafiya.

Na huɗu, ba a taɓa abin da ke yi wa mutum ciwo da gaske: naƙasarsa, talaucin gidansu, mutuncin iyayensa.

In ɗaya daga cikin waɗannan ta faɗi, to wasa ya ƙare, an shiga cin mutunci.

Inda gizo ke saƙar

Yara, ku dubi ajinku. A shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a yankunan Batsari, Safana, Kurfi da Dutsin-Ma, iyalai suka shigo gari neman mafaka. 'Ya'yansu na zaune tare da ku a tabarma ɗaya. Yaron da ya baro gonar ubansa da dare, in kuka laƙa masa "ɗan gudun hijira" kuna dariya, me zai rama da shi? Yaro Bafulatani da bai san hawa ba bai san sauka ba, in kuka kira shi da sunan ɓarayin daji, wace dariya zai yi? Ku goma ne, shi ɗaya. Gobe sai a ga wurinsa babu kowa, allonsa na jingine a bango. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba ta ware yara masu cewa "ai wasa muke" ba.

Ga ma'auni mai sauƙi: in ka yi barkwanci, dubi fuskar wanda ka yi wa, ba fuskokin 'yan kallo ba. In shi ma yana dariya, madalla. In ya sunkuyar da kai, ka ba shi haƙuri nan take. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Iyaye kuma, don Allah a kula. Sunan da yaro ke kiran maƙwabci da shi a makaranta, galibi a tsakar gida ya tsince shi.

Aikin gida

1. Tambayi kakarka ko kakanka su wane ne taubasanka, ka rubuto sunayensu.
2. Kawo ƙa'idoji huɗu na wasa da ka.
3. Wa ke zama shi kaɗai a ajinku? Me za ka yi a kai wannan mako?

Allah Ya ba mu ikon kiyaye harsunanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.