Darasi na Tara: Ƙauna a Bakin Gadon Asibiti

Karatu: Markus 5:21-43
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

Da wuya a sami gida a cikin ekklesiyarmu wanda bai taɓa kwana a asibiti saboda yaro ba. Mun san yadda abin ya ke. Zazzaɓi ya kama yaro da dare, kafin gari ya waye an ba shi gado, ana yi masa ƙarin ruwa. Uwa ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon. Ita ce mai wanki, ita ce mai ba da abinci, ita ce mai tsaro har asuba. Uba kuwa yana kai da kawowa da takardar magani a hannu, aljihu yana ƙarewa. A nan ne a ke gwada ƙaunar da mu ke rairawa ran Lahadi.

1. Uban da ya jira

Yayirus shugaban majami'a ne, mutum mai daraja, amma ciwon ɗiyarsa mai shekara 12 ya sa ya faɗi a gaban Yesu a idon jama'a. Luka ya nuna mana ita kaɗai ce gare shi. Yesu ya yarda ya bi shi gida, sai a hanya ya tsaya domin wata mace wadda ta yi shekara 12 tana zubar da jini. Yayirus yana tsaye yana jira, har aka zo aka ce ɗiyarsa ta rasu.

Duk mai jinya ya san zafin wannan jira. Likita yakan wuce gadonmu ya fara duba ɗan wani. A lokacin nan ƙauna ta kan tuna mana cewa yaron da ke gado na kusa shi ma ɗa ne ga uwarsa. Ko kabilarmu ba ɗaya ba, ko addininmu ba ɗaya ba, mu raba ruwan zafinmu da ita, mu lura mata da ɗanta ta je ta yi wanka.

2. Abin da Ubangiji ya yi a cikin ɗaki

Da ya isa gidan, ya fitar da masu hayaniya. Ya shiga da uban da uwar, da Bitrus da Yakubu da Yohanna kaɗai. Ya kama hannun yarinyar, ya yi mata magana da harshen gidansu. Da ta tashi kuma, ya umarta a ba ta abinci.

Mu lura da kyau: wanda ya ta da matacciya bai manta da cikin yarinya ba. Saboda haka kada mu rena ƙananan hidimomi, kamar dama kunu, da sāke zanen gado, da ba da magani a kan lokacinsa. Kada kuma mu cika ɗakin marasa lafiya mu ashirin da ɗaga murya. Mutum biyu da gajeriyar addu'a sun isa. Mu riƙe hannun yaron, mu kira shi da sunansa. Kada mu ce masa allura ba zafi, gama in ya kama mu da ƙarya sau ɗaya, ba zai ƙara dogara gare mu ba.

Wani lokaci a kan ba iyaye shawara su cire yaro daga asibiti su kai shi gidan addu'a. Wannan shawara ta jawo asarar rai. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Luka kansa, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

3. Nawayar da ke wuyan ekklesiya

Mai jinya shi ma yana bukatar mai jinyarsa. Basamariyen nan na cikin Luka 10 ya kwana da wanda ya tsinta, ya bar dinari 2 a hannun mai masauki, ya yi alkawarin komowa. Haka ya kamata mu yi. Wata daga cikin zumuntar mata ta karɓi uwar kwana ɗaya ta sami barci. Wata ta dafa wa yaran da aka bari a gida. Dattawa su tambayi uban a asirce game da kuɗin magani, kada a jira sai ya roƙa.

Akwai kuma batun jini. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon sikila sukan ƙarar da jinin yaro, har sai an yi masa ƙari. Abin da a ke ɗiba a jikin babba mai lafiya bai kai rabin lita ba, jiki kuwa yakan mayar da shi. Samarinmu su je a gwada su. Wannan sadaka ce da kuɗi ba ya maye gurbinta.

Mu tsare bakinmu kuma. Da almajirai suka ga makahon nan na cikin Yohanna 9, sai suka nemi sanin wanda ya yi zunubi, Yesu kuwa ya kawar da zancen. Kada mu ɗora wa uwa laifi, kada mu kawo zancen maita ko sammu. Miji da mata ma kada su zargi juna a bakin gadon ɗansu.

4. In ba a koma gida da yaron ba

Ba kowane gida ke samun abin da Yayirus ya samu ba. Dawuda ya yi azumi yana roƙo, duk da haka ɗansa ya rasu a rana ta 7. Ya tashi ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada. Kada mu yi wa iyaye alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da za mu iya alkawartawa shi ne ba za mu bar su su kaɗai ba, ko bayan masu gaisuwa sun watse. Begenmu yana ga wanda ya kama hannun yarinyar nan.

Tambayoyi

1. Me Yayirus ya koya daga tsayawar Yesu a hanya?
2. Don me Yesu ya rage yawan masu shiga ɗakin?
3. Waɗanne maganganu ne mu kan yi wa masu jinya da ke ƙara musu nauyi?

Aikin mako

Kafin mu tashi, mu ambaci gidan da ke jinyar yaro a cikinmu ko a unguwarmu. Mu raba kwanakin makon nan a tsakaninmu, kowa ya san ranarsa da abin da zai kai. Sa'an nan mu rufe da addu'a dominsu, da likitoci, da masu aikin jinya.