Kafin Ka Sauka Bankok, Ka San Inda Za Ka Fara Dubawa



Ni ɗan Baure ne a ƙasar Daura, sana'ata kuma a Bankok, babban birnin Tailan, ita ce haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya. Ina tarbar mutum a filin jirgi, in raka shi kasuwa, in yi masa tafinta, a ɗaure dila, a auna, a tura gida. Saboda wannan aikin, ni ake kira idan wani namu ya shiga matsala, ko a asibiti, ko a caji ofis, ko a hannun jami'an shige da fice.

A da, yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka san sunan Tailan, irin wadda ake saukewa a Kwatano ta ratso Nijar ta shigo mana, kafin a rufe iyaka a watan Agustan 2019. Yanzu mutanenmu da kansu suke zuwa. Wasu sarin tufafi da takalma ke kawo su kasuwannin Pratunam da Bobae, wasu neman magani, wasu karatu, wasu kuma alƙawarin aiki aka yi musu. Mafi yawan wahalar da nake gani sabo ne ke jawo ta. Mutum ya taho da ɗabi'ar gida a ƙafarsa da bakinsa, ƙasar kuwa tana tafiya a kan nata tsarin. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana.

Titi

A Tailan ana tuƙi ne ta hannun hagu. Dattawanmu za su tuna haka ake yi a Najeriya har zuwa 2 ga Afrilun 1972, lokacin da aka koma hannun dama irin na maƙwabtanmu na Nijar. Duk wanda ya taso bayan nan, da ya zo bakin titi hagu yake fara waiwayawa, ko bai yi niyya ba. A Bankok kuwa, motar da ke layin da ya fi kusa da kai ta damanka take fitowa. Sai mutum ya duba hagu ya ga fayau, ya jefa ƙafa, alhali abin da zai buge shi yana tahowa ta ɗaya gefen. Don haka ka fara duban dama, sannan hagu, sannan ka sake duban dama. Ka kuma sani 'yan babur suna bin hannun da ba nasu ba, suna hawa gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, kuma a mahaɗar hanyoyi da yawa an yarda mota ta karya hagu ko da danja ta nuna ja.

Zanen tsallaka titi ma kada ka sakankance da shi. Ranar 21 ga Janairun 2022, wani ɗan sanda a kan ƙaton babur ya buge wata likitar ido har lahira a kan zanen, a titin Phaya Thai da ke tsakiyar birni. Jama'a suka fusata, aka ɗaga tarar ƙin tsayawa a zanen zuwa baht 4,000 a kuɗin ƙasar, amma har gobe direbobi da yawa ba sa tsayawa. Duk inda ka ga gadar sama ta masu tafiya a ƙasa, ka daure ka hau, ko da kaya a kanka. Idan direba ya haska maka fitila, gargaɗi yake yi cewa ba zai tsaya ba, kada ka ɗauka hanya ya ba ka. Idan za ka fita daga tasi, ka fita ta ƙofar hagu, kuma ka leƙa baya kafin ka buɗe, domin babura suna kurɗawa ta tsakanin mota da bakin titi.

Kada a ga kamar ina kambama abin. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015, Tailan ce ta biyu a duniya wajen yawan mutuwa a titi, bayan Libiya, da mutum 36 cikin kowane 100,000. Rahoton 2023 ya nuna an samu sauƙi, ya sauko zuwa 25, amma duk da haka sama da mutum 18,000 ne suka mutu a 2021, kimanin 50 ke nan kowace rana. Mafi yawan masu mutuwar a kan babur suke. Lokaci biyu ne suka fi muni a shekara: hutun sabuwar shekara, da bikin Songkran na 13 zuwa 15 ga Afrilu, inda ake watsa wa juna ruwa a titi, ga shan giya, ga doguwar tafiya zuwa ƙauyuka. Mutanen Tailan da kansu suna kiran kowanne daga cikinsu kwana bakwai masu hatsari. Wanda zai iya ɗaga tafiyarsa ta kauce wa waɗannan ranakun, ya ɗaga.

Babur

Ɗan Baure ba ya tsoron babur, da shi muke zuwa Babban Mutum da Zango, da shi ake kai amfanin gona kasuwa. Wannan rashin tsoron ne ke cutar da mu a can. Cunkoson Bankok yana sa mutum ya ga achaba ce mafita, kuma lallai tana da sauri. In ya zama dole, ka hau na masu rajista, waɗanda ke sa riga mai ruwan lemo da lamba a baya, ka kuma nemi hular kwano ka ɗaura igiyarta a haɓa. Na san yadda muke da hular kwano. Lokacin da aka tilasta ta a Najeriya a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka. A Tailan doka ta hau kan direba da fasinja duka, tara tana kaiwa baht 2,000, tarar kuma ita ce mafi sauƙin abin da rashin hular ke jawowa. Cire hularka ta gida ka sa a aljihu, mutuncinka ba zai ragu ba.

Hajiyoyi da masu babbar riga, ku tattare tufafinku kafin a tashi. Na taɓa kwana a asibiti da wata baiwar Allah da bakin hijabinta ya naɗe a tayar baya, ya fizgo ta ƙasa. Wani dattijo kuma da ya zo sarin kayan Sallah, babur ya kwashe shi a bakin kasuwa ya karya masa cinya. Bai da inshora, asibitin kuɗi aka kai shi, jarin da ya zo da shi a nan ya ƙare, sai karo-karo aka yi masa na komawa. Inshorar tafiya ta mako biyu ba ta kai kuɗin dila ɗaya ba. A saye ta tun daga gida.

Matasa masu son hayar babur a Pattaya ko Phuket, ku lura da abu uku. Sai da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa wanda ya ƙunshi babur, in ba haka ba ɗan sanda zai ci ka tara, kamfanin inshora kuma yakan ƙi biya. Inshorar dole da ke kan kowane abin hawa kuɗinta kaɗan ne, ba ta isa aikin ƙashi a asibitin kuɗi. Sannan kada ka bar fasfonka jingina a shagon haya, ka ba da kwafi da kuɗin ajiya, ka ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe kafin ka tafi da shi.

A cikin Bankok, jirgin BTS mai bi ta sama da MRT mai bi ta ƙarƙashin ƙasa sun fi komai aminci, kuma daga filin jirgin Suvarnabhumi akwai jirgin ƙasa har cikin gari. A tasi ka ce a kunna mita, daga baht 35 take farawa. A keke mai ƙafa uku da suke kira tuk-tuk, ka yi ciniki kafin ka zauna.

Idan tsautsayi ya auku, 1669 ce lambar motar asibiti, 191 ta 'yan sanda, 1155 ta 'yan sandan da ke kula da baƙi, waɗanda ke jin Turanci. Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya, ka ɗauki hotuna, kuma kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da harshensu sai an fassara maka.

Takarda

Tun daga gida kana buƙatar biza, da katin rigakafin cutar shawara wanda za a duba a filin jirgi kafin ka isa layin shige da fice, da takardar tantancewa ta hukumar NDLEA. Daga 1 ga Mayun 2025 kuma ana cike katin shiga ƙasar ta intanet kafin a sauka.

Ranar da za ka riƙe a ka ita ce ranar ƙarewar izinin zama wadda jami'i ya buga maka a hatimin shiga. Kowace rana da ka ƙara a kanta baht 500 ce, har zuwa 20,000. Idan ka zarce kwana 90 ka kai kanka, za a hana ka shiga ƙasar shekara 1. Idan kama ka aka yi, ko da kwana kaɗan ka ƙara, hanin shekara 5 ne, bayan zaman gidan tsare baƙi na Suan Phlu har sai an sayo maka tikitin komawa. Mai dogon zama yana kai rahoton adireshinsa duk kwana 90, mai masauki kuma dole ya sanar da saukarka cikin awa 24, don haka ka tambaye shi ko ya yi. Fasfonka ya kasance a jikinka, domin a unguwar Nana da kewayen Pratunam ana yawan tare baƙar fata a tambayi takarda. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka damar aiki ba, kuma akwai sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kamar aski da tuƙin haya da talla a titi.

A rasit da takardar haya da ta asibiti za ka ga shekara kamar 2568. Kalandarsu ta addinin Buddha ce, tana gaba da shekara 543, wato 2025 ke nan. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 6.

Zama da mutane

Mutanen Tailan suna da fara'a da haƙuri, kuma ba abin da ke zubar da mutum a idonsu kamar ɗaga murya. Irin cinikinmu na rantsuwa da buga hannu, su faɗa suke ɗaukarsa. Ka tsawata wa mai shago a gaban yaransa, zai yi maka murmushi, amma cinikin ya mutu. Ka sassauta murya, ka yi tayi a kan kalkuleta, za ka samu ragin da hayaniya ba ta samarwa. Ba a dafa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa ko a miƙe ta wajen wani, ana cire takalmi kafin shiga gida, mace kuma ba ta taɓa limamin Buddha.

Maganar sarautarsu ka kame bakinka gaba ɗaya. Mu da muka taso a ƙarƙashin fadar Daura mun san girman sarki, amma a can girman doka ce: sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki ko sarauniya ko magaji, har abin da aka rubuta a Facebook. Kuɗinsu na ɗauke da hoton sarki, idan ya faɗi kada ka take shi. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren taruwa, ka tsaya cak kamar kowa.

Akwai Musulmi kimanin kashi 5 cikin 100, mafi yawansu a kudu, a Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, Bankok kuma cike take da masallatai. Na Darul Aman a titin Phetchaburi ba shi da nisa da Pratunam, akwai kuma tsohon masallacin Haroon a Bang Rak. Naman alade da mansa suna shiga abinci da yawa, har wanda kake gani ganye ne zalla, don haka ka nemi tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko ka ci a shagon Musulmi. Kilishi da dambun nama kada a sa maka a jaka, an hana shiga da nama. Sigarin lantarki ma haramun ne a dokarsu.

Saƙo da alƙawarin aiki

Zumunci ya sa ba ma iya ƙin karɓar saƙo. A wannan hanyar ka koyi ƙi. Jakar da ba kai ka shirya ba, ko ƙullin da aka ce magani ne a kai wa ɗan uwa, kada ka taɓa. Hukuncin safarar ƙwaya a Tailan yana kaiwa ɗaurin rai da rai ko kisa, kuma a 2003 kaɗai fursunoni 'yan Najeriya sama da 300 aka mayar gida su ƙarasa wa'adinsu.

Sabon tarkon shi ne aikin kwamfuta mai albashin dala, a biya maka tikiti, a tarbe ka da mota. Motar kuwa garin Mae Sot take nufa, a tsallakar da kai kogin Moei zuwa Myawaddy ta ƙasar Myanmar, a ƙwace fasfo, a tilasta maka damfarar mutane ta intanet, in ka gaza a doke ka. A Fabrairun 2025 an fito da dubban mutane daga sansanonin wannan damfara, cikinsu har da 'yan Afirka da yawa. Aikin gaskiya da bizar aiki yake farawa, tun kana gida.

Iyaye da yayye, kafin ku sa wa mai tafiya albarka ku zaunar da shi ku tambaya: wace irin biza ce a fasfonka, wa zai tarbe ka kuma wa ya san shi a nan gida, ka sayi inshora, yaushe za ka dawo? Ku karɓi kwafin fasfo da tikiti ku adana, shi kuma ya riƙe adireshin ofishin jakadancin Najeriya da ke Bankok. Idan ya kasa amsa ko da ɗaya daga cikin tambayoyin nan, a dakatar da tafiyar har ya samo amsa. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya, Ya sa albarka a nema.