Yadda Ake Zaɓar Inji da Batir na Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot a Gombe

Matasan da ke haɗa ƙananan jiragen sama da farin soso da kwali a unguwanni irin su Pantami, Bolari da Jekadafari suna yawan faɗawa kuskure guda: su fara samo inji, sannan su gina jirgi a kansa. Aikin yana farawa ne daga sikeli. Nauyin jirgi shi ne zai nuna ƙarfin da ake bukata, ƙarfin ya nuna inji da farfela, su kuma su nuna batir. Wanda ya bi wannan jeri sau ɗaya zai sayi kaya, abin da ba ƙarami ba ne a garin da galibin kayan sai an yi odarsu daga Legas ko China.

Da farko ka ɗora gangar jikin jirgin a kan sikelin dijital irin na masu sayar da kayan kek, ka ƙara kimanin giram 350 na inji, batir, wayoyi da ƙananan na'urorin da ke motsa jela da fukafukai. A ce jimilla ta kai giram 900. Jirgin koyo mai tafiya a hankali yana bukatar wat 150 zuwa 200 kan kowane kilo ɗaya, mai alkafura a sama kuwa yana neman 250 ko fiye. Namu na koyo ne, don haka wat 150 ya wadatar. Wat shi ne bolt sau amfiya. Batirin LiPo mai ƙwaya uku, wanda ake rubuta wa 3S, yana da bolt 11.1, kenan injin zai ja amfiya 13 zuwa 14 idan aka ba shi wuta duka. Ka rubuta wannan adadi, da shi za ka auna duk abin da ya rage.

Sai inji. Nemi marar burushi mai wayoyi uku, wanda gangarsa ta waje ce ke juyawa. Lambar KV da ke jikinsa ba ƙarfi take nufi ba, tana nuna zagaye nawa yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt idan ba a ɗaura masa komai ba. Mai KV 1000 yana juya babbar farfela a hankali, irin da jirgin koyo ke so, mai 2200 kuwa sai ƙaramar farfela mai gudu. Ga jirgin giram 900, A2212 mai KV 1000, wanda nauyinsa kusan giram 50 ne, da farfela 10x4.5 sun dace. Wani zai ce ai gara a sa babban inji don a samu rarar ƙarfi. Babban inji yana neman babban batir, su biyun su ƙara nauyi, jirgi mai nauyi kuma dole ya yi gudu kafin fukafukansa su ɗauke shi, ga mai koyo bai da hannun saukar da jirgi mai gudu. Haka nan injin da aka ciro daga firinta ko motar wasan yara: yana juyawa da kyau a hannu, amma nauyinsa ya fi ƙarfinsa yawa.

Tsakanin inji da batir akwai ESC, na'urar da ke ƙara wuta da rage ta. A nan ne rara take da amfani. Inji mai jan amfiya 14 a ba shi ESC mai 30, domin a watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, kuma na'urar da ke rufe cikin soso ba ta samun iskar da za ta huce. Don haka ka huda ƙaramar kafa a gaban jirgin da wata a bayansa, iska ta riƙa ratsawa.

Batir ne ya fi jawo gardama. LiPo 3S mai 2200mAh yana da nauyin kusan giram 180. Ka raba 2200 da 1000, ka sami 2.2, sai ka ninka shi da lambar C da ke jikinsa: mai 25C zai iya ba da amfiya 55 a rubuce, kuma ko da kamfani ya yi ƙari a lambar, rabinta ya ishe mu. Ba a shanye LiPo ƙarƙaf, kashi 80 cikin ɗari ake amfani da shi, wato 1760mAh, wanda zai ba da kimanin minti 13 idan jirgi na jan amfiya 8 a matsakaiciyar tafiya. Masu cewa a yi amfani da ƙwayoyin 18650 na tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka suna da hujja, don suna da araha kuma ana samunsu wajen masu gyara. Matsalar ita ce an yi su ne don su ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci; da an nemi amfiya 14 sai bolt ya faɗi, su yi zafi, inji ya mutu daidai lokacin tashi. Irin da ke jurewa, kamar Samsung 25R mai amfiya 20, sabo ake saya, kuma jabunsa ya yi yawa a kasuwa.

Caja kada a yi mata rowa. Sai mai daidaita ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya zuwa bolt 4.2, irin iMAX B6, wadda ke aiki da bolt 12, don haka batirin mota ko na sola zai ɗauke ta ranar da babu wuta. A yi caji da amfiya 2.2, a kan siminti, mutum na kusa. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kuma ba a barin LiPo cikin mota a rana, don yana kama wuta. Idan zai yi kwanaki ba a tashi ba, a ajiye kowace ƙwaya a bolt 3.8.

Kafin tashin farko, ka ɗaure jirgin a ƙasa, ka tsaya bayan farfela, ka ba shi wuta duka na daƙiƙa 30, sannan ka cire batir ka taɓa injin. Idan yatsa bai iya jure zafinsa ba, ka koma farfela mai inci 9. Ka matsa batir gaba ko baya har jirgin ya daidaita a kan yatsu biyu, wajen sulusin faɗin fiffike daga gaba. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙura daga boris ɗin inji bayan kowane tashi. Fili kuma a nemi wanda ba jama'a, nesa da filin jirgin sama na Lawanti da barikin jami'an tsaro, a kuma bincika ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA kan jirage marasa matuƙi kafin a fita.