Albashin Takarda da Albashin Aljihu

Mu masu aikin lissafin albashi, kukan da muka fi ji a ƙarshen wata shi ne "an yanke mini kuɗi". Sau da yawa babu wanda ya cuci kowa. Ma'aikacin ne ya ɗora cefanen gida da adashe da kuɗin makaranta a kan adadin da ke takardar ɗaukar aiki, alhali wannan adadin ba ya shiga asusu cif. Ra'ayina shi ne duk mai karɓar albashi ya iya fitar da nasa lissafin da biro da takarda, musamman yanzu da sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki tun 1 ga Janairun 2026.

A ɗauki mai albashin naira 300,000 a wata, wato 3,600,000 a shekara, a ƙaddara duka tushen albashi ne da alawus ɗin gida da na sufuri. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari, naira 288,000 ke nan, kuma haraji ba ya hawa kansu. Idan yana biyan hayar naira 600,000 a shekara, doka ta yi masa rangwamen kashi 20 na hayar, amma rangwamen ba ya wuce 500,000, sai a sake rage 120,000. Saura 3,192,000. A nan mutane ke ruɗewa, don harajin hawa-hawa ne kamar matakala. Naira 800,000 ta farko ba a taɓa ta. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15, wato 330,000. Ragowar 192,000 ce kaɗai ta taka matakin kashi 18, ta ba da 34,560. Harajin shekara ya kama 364,560, na wata 30,380. In aka haɗa da fanshon wata na 24,000, abin da zai gani a alat shi ne 245,620, kafin kuɗin ƙungiya ko bashin banki. Wanda ya ci bashi da ƙarfin 300,000 ya riga ya kashe fiye da 54,000 da ba za su zo ba.

Wani zai ce ai wannan aikin akanta ne, me ya kai ni? Gaskiya ne ofis ke cirewa ya miƙa wa hukumar harajin jiha. Amma akanta bai san nawa kake biyan mai gidan haya ba sai ka kawo shaida. A misalin nan, rashin bayyana hayar kaɗai zai ci naira 21,600 a shekara. Wasu kuma na tsoron ƙarin girma, wai sabon mataki zai cinye ƙarin. Hakan ba ya faruwa, domin kason sama yana hawa kan abin da ya haura iyaka ne kawai. Ko a ƙololuwa, sama da miliyan 50, kashi 25 ne, kashi 75 naka. Fanshon ma da ake ganin asara ne yana can a asusunka, kuma wajibi ne mai aikin ya ɗora nasa kashi 10.

Don Allah wannan watan ka nemi takardar albashinka, ka gwada ta da naka lissafin, ka kai rasidin hayarka ofis, ka kuma duba ko kuɗin fanshonka suna isa asusu.